Da Me 'Yan Kurket na Sha'awa Suke Ci? Labarin Likita W. G. Grace

Tambaya: Malam, kwanan nan na fara bibiyar wasan kurket, sai na ji cewa a da a Ingila akwai 'yan wasan gunduma da ba a biyansu ko kwabo, wai don sha'awa kawai suke bugawa, har wasunsu likitoci ne ko limaman coci. To da me suke ci? Kuma yaya mutum zai haɗa aikin asibiti da wasan da ake kwana uku ana yinsa?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ta biyu ba ta da wuya: yawancinsu ba sa iya haɗawa, dole ɗaya ya danne ɗaya. Ta farkon kuwa, wato da me suke ci, a nan gizo ke saƙar. Abin da aka gaya maka gaskiya ne a takarda. A aikace kuwa, rabon da Turawan Ingila suka yi tsakanin ɗan wasan sha'awa da ɗan wasan albashi ya fi dogara ga gidan da mutum ya fito fiye da abin da ke shiga aljihunsa. Zan nuna maka wannan da rayuwar mutum ɗaya, William Gilbert Grace na gundumar Gloucestershire, wanda ya buga manyan wasanni daga 1865 zuwa 1908 da sunan ɗan sha'awa, ya kuma tara kuɗin da babu wani ɗan albashi na zamaninsa da ya taɓa ganin irinsa.

Ka fara riƙe yadda wasan gunduma yake a lokacin. Mutum sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Mai jifa yana neman ya kayar da turaku uku da ke bayan mai bugu don ya fitar da shi, shi kuwa mai bugu yana kare su da katakonsa yana tara maki. Wasa ɗaya kwana uku ne, sau da yawa a yi biyu a mako, Litinin zuwa Laraba, Alhamis zuwa Asabar, tun daga Mayu har farkon Satumba. Wanda ke da shago ko gona ko maigida a kansa ba zai iya wannan ba sai an biya shi. Saboda haka 'yan sha'awa na ainihi iri biyu ne. Akwai 'ya'yan masu ƙasa da dukiyar gado, irin su Lord Hawke da ya shekara 28 yana kyaftin ɗin Yorkshire. Akwai kuma masu leƙowa su koma: ɗaliban Oxford da Cambridge, hafsoshin soja da ke hutu, limaman coci, da malaman makaranta waɗanda ba a ganinsu sai Agusta idan an rufe makarantu. Waɗannan na biyun su ne mafi yawa, kuma da yawansu wasa biyar ko goma suka yi wa gundumarsu a duk rayuwarsu, suka koma bakin aiki.

Bambancin kuwa a fili yake, ba a ɓoye shi. Ɗakin sauya kaya daban, ƙofar shiga fili daban a manyan filaye, masauki daban idan an yi tafiya. Ɗan albashi yana ce wa ɗan sha'awa "ranka ya daɗe" irin tasu, ko da ya girme shi da shekara ashirin, shi kuwa a kira shi da sunan gidansu tsurarsa. Shi ne mai jifa wa 'yan ƙungiya ƙwallo a wurin atisaye har hannunsa ya yi tsami, wani lokaci shi ne mai gyaran fili. Har a takardar jerin 'yan wasa akwai alama: ɗan sha'awa haruffan sunansa na fari su ke zuwa gaba, ɗan albashi kuwa sai a mayar da su baya. Akwai ranar da aka yi sanarwa da lasifika a filin Lord's a Landan don a gyara kuskure, wai an buga "F. J. Titmus" alhali "Titmus, F. J." ya kamata, don saurayin ɗan albashi ne. Mu da muka san cewa dambe na mahauta ne a asali, holo kuwa na sarakuna da masu doki, ba za mu yi mamakin wasa ya zama ma'aunin asali ba. Abin da ya bambanta nasu shi ne, sun cusa ɓangarorin biyu a ƙungiya ɗaya, sannan suka ja layi a tsakani.

An haifi Grace ranar 18 ga Yuli, 1848, a Downend kusa da birnin Bristol, na takwas cikin 'ya'ya tara. Ubansa Henry likitan karkara ne mai haukar kurket, har ya share wani sashe na lambun gidansa ya mayar da shi filin atisaye. Kawunsa Alfred Pocock shi ya riƙa jifa masa ƙwallo yana ƙarami, yana tilasta masa ya riƙe katako a miƙe kafin ya koyi dukan ƙarfi. Uwarsu Martha ta san wasan ciki da bai, tana zuwa kallo, kuma ba ta jin nauyin yi wa ɗanta faɗa idan ya fita da bugun wauta. Yayyensa maza uku duk likitoci suka zama. Gida ne na mutunci da ilimi, amma ba gidan dukiya ba ne. Ka riƙe wannan, don shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya: asalinsu ya hana su zama 'yan albashi, aljihunsu kuma bai isa su zama 'yan sha'awa na gaskiya ba.

Yana da shekara 18, a 1866, ya tara maki 224 ba a fitar da shi ba a filin Oval da ke Landan, kuma a tsakiyar wasan kyaftin ya ba shi izini ya tafi Crystal Palace ya shiga tseren tsallake shinge na yadi 440, ya kuwa cinye. Don ka san nauyin wannan maki, filayen lokacin ba irin na yanzu ba ne da ake lallashinsu kamar tabarma. Akwai tsakuwa, akwai rami, ƙwallo na iya bin ƙasa ko ta taso wa mutum a fuska. Wanda ya yi maki 30 a irin wannan fili sai a yaba masa. Grace ya tara 2,739 a kakar 1871 kaɗai. A Agustan 1876, cikin kwana takwas, ya buga 344 a kan Kent, 177 a kan Nottinghamshire, sannan 318 ba a fitar da shi ba a kan Yorkshire, jimilla 839 a bugu uku. Kafinsa ana raba masu bugu gida biyu, masu takawa gaba da masu ja da baya. Shi ya haɗa biyun, ya riƙa zaɓar wanda ya dace da kowace ƙwallo, kuma a kan wannan tushe ake koyar da yara bugu har yau. Ga shi kuma mai jifa ne, ya fitar da mutum sama da 2,800 a rayuwarsa.

Da shi da yayansa E. M. da ƙanensa Fred suka ɗauki ƙungiyar Gloucestershire, wadda aka kafa a 1870, suka kai ta kan gaba a 1874 da 1876 da 1877. Shekarunta na farko duk 'yan sha'awa ne a cikinta. Karatun likita kuwa ya sha wuya. Ya shiga makarantar likitoci ta Bristol a 1868, bai samu takardar shaida ba sai ƙarshen 1879, yana da shekara 31. Shekara sha ɗaya ke nan, don da zarar Mayu ta kama sai ya rufe littafi.

To a duk shekarun nan da ba shi da sana'a, da me yake ci? Da kurket. Dokar ta yarda a mayar wa ɗan sha'awa kuɗin da ya kashe, na jirgin ƙasa da masauki da abinci, kuma ta wannan ƙofa komai ya shigo. Akwai wata ƙungiya mai yawo gari gari, United South of England Eleven, wadda Grace ke shirya mata wasanni a biya shi. Da aka gayyace shi ya kai tawaga Ostireliya a 1873, fam 1,500 ya yanka wa kansa ban da kuɗin hidima, ya kuma tafi da amaryarsa Agnes, wato masu gayya suka biya musu yawon amarci. 'Yan albashin da ke tawagar kowannensu bai samu fam 200 ba, a jirgin ruwa kuma aji na biyu aka ba su. Da ya koma can a 1891 a tawagar Lord Sheffield, fam 3,000 ya karɓa. A zamanin da ɗan albashi ke karɓar abin da bai wuce fam biyar ko shida ba a wasan kwana uku, kai ma ka yi lissafi.

Akwai rana ɗaya a Yunin 1878 da ta nuna halinsa da kuma yadda tsarin ke aiki. Gloucestershire ta zo Oval za ta kara da Surrey, sai aka ga saura mutum ɗaya 'yan wasanta su cika. Gloucestershire na da ɗan albashi mai suna Billy Midwinter, haifaffen gundumar amma a Ostireliya ya tashi, kuma ranar yana can Lord's tare da tawagar Ostireliya, har ya ɗaura kariyar ƙafa yana jiran a fara. Grace ya hau keken doki ya tsallaka Landan, ya shiga Lord's, ya fito da Midwinter ya sa shi a keke. 'Yan Ostireliya suka biyo su har bakin ƙofar Oval, aka yi cacar baki a gaban jama'a, Grace ya zazzaga musu maganar da sai da ya rubuta takardar ban haƙuri daga baya. Bayan wasan sai ga takardar kuɗin hidima da Gloucestershire ta miƙa wa Surrey, ta yi nauyin da Surrey ta ce ba za ta biya ba. A Janairun 1879 aka zaunar da W. G. da E. M. gaban 'yan ƙungiya suna amsa tambayoyi. Sun sha, amma an kafa kwamitin kuɗi a kansu.

Ga abin dariyar. A ƙarshen 1878 ƙungiyar MCC, mai riƙe da dokokin wasan, ta fitar da sanarwa cewa bai kamata mutumin kirki ya ci riba da wasan kurket ba. A 1879 ita ɗin ce ta shige gaba aka tara wa Grace gudummawa ta kusan fam 1,500, aka miƙa masa a Lord's tare da agogo, da niyyar ya kafa wurin duba marasa lafiya. Rufin asiri ne tsagwaronsa. Suna buƙatarsa a ɓangarensu, don kafin zuwansa wasan shekara shekara na Gentlemen da Players, wato 'yan sha'awa da 'yan albashi, kusan kullum 'yan albashi ke lallasa su, har a wasu shekarun baya sai an ƙara wa 'yan sha'awa mutane kafin a yi wasan. Da Grace ya zo sai reshe ya juye da mujiya. Wa zai kori irin wannan mutum saboda takardar kuɗin jirgi?

Amma kada ka ɗauka likitan bogi ne. Ya buɗe wurin aikinsa a Stapleton Road, unguwar talakawa a Bristol, ya kuma riƙe aikin likitan marasa galihu na yankin kusan shekara ashirin. Da hunturu yana yawo a ƙafa gida gida, kuma an shaide shi da mantawa da aika wa matalauta takardar biya. Da bazara sai ya ɗauki wani likita ya riƙe masa wurin, ƙungiyar gunduma ta taimaka da kuɗin wannan ma. Ka ga amsar tambayarka ta biyu ke nan. Wani lokaci kuma ayyukan biyu kan haɗu. A 1885, a tsakiyar wasa da Middlesex, ya kwana a kan wata mai naƙuda da haihuwa ta zo mata da gardama, da safe ya koma fili ya ƙarasa bugunsa da maki 221 ba a fitar da shi ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1887 a filin Old Trafford da ke Manchester. Abokin wasansa Arthur Croome ya bi ƙwallo a guje, ya faɗa kan shingen ƙarfe mai tsini, tsinin ya yage masa maƙogwaro. Grace, wanda ya wuni a fili hannunsa ya gaji, ya durƙusa ya haɗa bakin raunin da yatsunsa ya riƙe, kusan rabin sa'a, ana neman allura da zaren ɗinki. Da hannun ya yi rawa, da jini ya ƙwace. Croome ya rayu, ya zama marubucin wasanni, kuma shi da kansa ya ba da labarin.

Ni dai a ganina, mai cewa Grace mayaudari ne ya yi gaggawa, mai cewa ba shi da laifi kuma ya rufe ido. Shi jama'a ke zuwa gani, da ƙaton gemunsa da tsawonsa da ya haura ƙafa shida. Ana yawan ba da labarin allon da ake kafawa a ƙofar fili: kuɗin shiga taro, wato kwabo uku, idan Likita Grace zai buga, sisi, wato kwabo shida. Wanda ya ninka kuɗin ƙofa ya cancanci kasonsa. Inda abin ya ɓaci shi ne, yana cin kuɗin yana kuma shiga ta ƙofar manya, waɗanda ke faɗin gaskiya cewa sana'arsu ce kuma suna shiga ta ƙofar baya. 'Yan albashi sun ga haka. A Agustan 1896, ana shirin wasan Ingila da Ostireliya a Oval, biyar daga cikinsu, Lohmann da Gunn da Abel da Richardson da Hayward, suka rubuta cewa fam 20 suke so maimakon 10, ana ta maganar cewa kuɗin hidimar wasu 'yan sha'awa ya fi ladansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Uku suka janye aka sa su a wasan, Lohmann da Gunn ba su buga ba, ƙungiyar Surrey kuma ta fitar da sanarwa tana wanke Grace, cewa fam 10 kawai take ba shi idan ya zo Oval.

Idan kana son ganin ɗaya fuskar tsarin, dubi ɗan 'yar'uwar mahaifiyarsa, Walter Gilbert. Shi ma ɗan sha'awa ne a Gloucestershire shekaru da dama, gwani daidai gwargwado, amma ba shi da sana'a kuma ba shi da sunan da zai sa a tara masa gudummawa. Da ƙungiyar nan mai yawo ta durƙushe, abincinsa ya yanke. A 1886 ya haɗiye girman kai ya koma ɗan albashi, kuma a wannan bazarar aka kama shi yana lalube aljihun abokan wasa a ɗakin sauya kaya a Cheltenham. Aka yanke masa kwana 28 da aiki mai tsanani, dangi suka tura shi Kanada, can ya zauna har ya mutu a 1924, masu tarihin wasan kuma suka daɗe ba sa ambatonsa. Gida ɗaya, ƙungiya ɗaya, matsala ɗaya ta rashin kuɗi.

Sauran rayuwar Grace zan ratsa ta da sauri. A Satumban 1880 shi da E. M. da Fred suka buga wa Ingila tare a wasan ƙasa da ƙasa na farko da aka yi a ƙasarsu, ya yi maki 152, bayan mako biyu Fred ya mutu da ciwon huhu yana da shekara 29. A 1882 shi ne ya fitar da Sammy Jones na Ostireliya ta hanyar da doka ta yarda amma kunya ba ta yarda ba, yaron ya bar wurinsa yana gyara fili a zatonsa an tsaya. Wannan ya harzuƙa mai jifa Spofforth, ya fitar da mutum 14 a wasan, Ingila ta sha kashi da maki 7, daga nan aka samo gasar da ake kira Ashes. A 1895, yana dab da shekara 47, jiki ya yi nauyi, ana cewa ya ƙare, sai ya tara maki dubu cikin watan Mayu kaɗai, ya kuma cika bugun ɗari, wato maki ɗari ko fiye a bugu ɗaya, karo na ɗari, wanda babu wanda ya riga shi. Jaridar Daily Telegraph ta buɗe asusun sule sule, aka haɗa da wasu asusun, abin da ya shigo hannunsa ya haura fam 9,000.

A 1899 ya buga wa Ingila wasansa na 22 kuma na ƙarshe yana da shekara 50. A shekarar ya ɓata da kwamitin Gloucestershire, don ya karɓi aikin gudanar da sabuwar ƙungiyar London County a Crystal Palace a kan fam 600 a shekara. Ya rubuta musu cewa yana ƙaunar gundumar haihuwarsa matuƙa, amma su kwamitin ya raina su matuƙa. Ka lura, albashi ne ƙarara wannan karon, amma an kira shi albashin sakatare da manaja, don haka ya ci gaba da zama ɗan sha'awa. Wannan dabara ta ba gwani muƙamin mataimakin sakatare, a biya shi, ya riƙa bugawa "kyauta", gundumomi da yawa sun yi ta amfani da ita har bayan yaƙin duniya na biyu. Ya kammala da maki sama da 54,000 da bugun ɗari 124 ko 126, ya danganta da wasannin da mai lissafi ya yarda manya ne. Bugunsa na ƙarshe a ƙaramar ƙungiyar Eltham ya yi shi a Yulin 1914, maki 69 ba a fitar da shi ba, yana da shekara 66. Ya mutu ranar 23 ga Oktoba, 1915.

Tsarin ya daɗe bayansa. A 1925 Lord Hawke, wanda a gefe guda shi ya kawo biyan 'yan albashin Yorkshire kuɗin hunturu, ya tashi a taro yana roƙon Allah kada ɗan albashi ya taɓa zama kyaftin ɗin Ingila. Sai 1952 aka ba ɗan albashi, Len Hutton, wannan muƙami, don masu dukiyar gadon da za su ba da bazara guda kyauta sun yi ƙaranci bayan yaƙi da haraji. A Nuwamban 1962 aka yanke shawarar soke rabon, daga kakar 1963 kowa ɗan kurket ne kawai, ana biyansa a fili. Wasan Gentlemen da Players, wanda aka fara tun 1806, an yi na ƙarshe a Scarborough a Satumban 1962. Kyaftin ɗin 'yan albashi ranar shi ne Fred Trueman, ɗan mai haƙar kwal daga Yorkshire, kuma su suka ci.